INJIN ISKA: A GYARA KO A SAKE?

Jagora ga masu faci, masu fenti da sauran masu ƙananan sana'o'i

GABATARWA

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Akwanga ta ratsa garin Lafia ta nufi Makurdi, ba zai yi nisa ba sai ya ga rumfar mai faci a bakin titi, ga tsofaffin tayoyi a jibge, ga wani inji mai tanki a gefe yana ƙugi. Haka abin yake a hanyar Doma da ta Shandam, da cikin unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Sabon Pegi. Tun da aka cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafia hedkwatarta, motoci da babura suka yawaita, gine-gine suka ƙaru. Manyan motocin da ke ɗaukar doya da riɗi da agushi zuwa sauran sassan ƙasa kuwa, kowace da tayoyinta masu neman iska.

Wannan inji shi ne injin iska, wanda masu sana'a ke kira kwampireso. Da shi mai faci yake cika taya, mai fenti yake fesa wa mota ko ƙofar ƙarfe launi, kafinta yake feshin kujeru, bakanike kuma yake hure ƙura daga kayan aikinsa. Mutane da yawa sun kafa shi a zaure ko a bayan gida, kuma da abin da yake kawowa ake cefane. Ranar da ya tsaya, cefane ya tsaya.

In ya fara ciwo, mai shi yakan shiga shawara biyu: ya gyara, ko ya nemi wani? An shirya wannan ɗan littafi domin ya taimaka wajen yanke wannan shawara, ga mutanen Lafia da na sauran garuruwan ƙasar nan. Ga taƙaitaccen abin da za a bayyana: kusan kowane ɓangare na injin iska yana gyaruwa, sau da yawa ma da ɗan kuɗi kaɗan, in ban da guda ɗaya, watau tanki. Tankin da tsatsa ta huda ba ya karɓar faci, ba ya karɓar walda. Wanda ya riƙe wannan ya tsirar da dukiyarsa da ransa da na yaran shagonsa.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Injin iska ya kasu kashi uku. Na farko shi ne abin da ke juya shi, ko dai moto na lantarki ko ƙaramin injin fetur. Na biyu shi ne kai, inda fistin ke hawa da sauka cikin silinda. In fistin ya sauka sai ya zuƙo iska ta cikin matata, in ya hau sai ya danne ta ya tura ta gaba. Akwai wasu ƴan siraran bawul a saman silinda waɗanda ke buɗewa da rufewa don kada iskar ta koma inda ta fito. Kashi na uku shi ne tanki, inda ake tara iskar har lokacin da za a bukace ta.

Ban da waɗannan akwai ƙananan abubuwa guda biyar da ya kamata kowane mai inji ya san su kamar yadda ya san yatsunsa:

1. Geji, mai allura, wanda ke nuna yawan matsin iskar da ke cikin tanki.
2. Makunnin matsi, wanda ake kira otomatik. Shi ke kashe moto in tanki ya cika, ya kunna shi in iska ta ragu.
3. Bawul mai hana komawa, wanda ke bakin tanki. Yana barin iska ta shiga, ba ya barin ta ta fita ta nan.
4. Bawul na tsaro, mai ɗan zobe a kansa. In otomatik ya kasa, matsi ya wuce kima, shi ke buɗewa da kansa ya saki iska.
5. Famfon ƙasan tanki, inda ake zubar da ruwan da ya taru a ciki.

Ana auna matsin iska da ma'auni iri biyu, bar da psi, kuma galibin geji na ɗauke da duka biyun. Bar 1 daidai yake da psi 14.5. Yawancin ƙananan injunan lantarki sukan tsaya in sun kai bar 8, su sake tashi in iska ta sauko wajen bar 6. Tayar ƙaramar mota tana shan psi 30 zuwa 35, ta babbar mota kuwa takan kai psi 100 ko fiye.

ƘARFIN DA KE CIKIN TANKI

Iska ba ta da nauyi a hannu, shi ya sa ake raina ta. To, bari a yi lissafi. Bar 1 kusan nauyin kilo 1 ne a kan kowane santimita murabba'i, watau wuri kamar faɗin farcen yatsa. Tankin da ke cin lita 100, faɗin bakinsa yakan kai kamar santimita 35. In aka cika shi zuwa bar 8, ƙarfin da ke tura murfin gefensa guda ɗaya ya kusa tan 8, nauyin buhunan siminti fiye da 150 ke nan. Wannan ƙarfi duka, ƙarfen da kaurinsa bai wuce ƴan milimita ba ne yake riƙe da shi.

In tankin ruwa ya tsage, ruwan sai ya tsiyaye. Iska ba haka take ba, gama an danne ta ne cikin wurin da ya yi mata kaɗan, tana neman hanyar komawa girmanta. In ƙarfe ya gaza, sai ta yage shi farat ɗaya, tankin ya tashi sama ko ya yi gefe, guntayen ƙarfe su watsu. Wanda ke tsugune kusa da shi ba ya samun damar gudu.

Babban abokin gaban tanki shi ne ruwa, kuma injin da kansa yake kawo shi. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima. In zafi ya kai digiri 30, kowane mita kubik guda na iska yana iya riƙe ruwa har giram 30. Da an danne iskar ta huce cikin tanki, sai ta kasa riƙe yawancin wannan ruwa, ya kwanta a ƙasa. Injin da ke zuƙar lita 200 a minti ɗaya, a ranar damina mai laima, yana iya tara kusan rubu'in lita na ruwa a kowace sa'a da ya yi yana juyawa. Sa'a huɗu, kusan lita guda ke nan. A Lafia damina takan kama daga wajen Afrilu har Oktoba, saboda haka fiye da rabin shekara tanki yana shan wannan ruwa.

Ruwan da ya kwana cikin tanki yana haifar da tsatsa, tsatsa kuwa daga ciki take ci. Sai ka ga tanki da fenti mai ƙyalli a waje, alhali ƙasansa ya zama kamar takarda. Maganin wannan bai kai kwabo ba: a buɗe famfon ƙasa kowace rana in an tashi daga aiki, a bar ruwan ya fita. Rigakafi ya fi magani.

CIWON DA KE WARKEWA

Kafin a taɓa komai, a kashe inji, a zare fulogi daga soket, a saki iskar tanki har allurar geji ta koma sifiri, a kuma bar kai ya huce. Ga alamomin da aka fi gani, da abin da yakan jawo su.

Inji yana juyawa, tanki ba ya cika da wuri. A fara da abu mafi sauƙi, watau matata. Ƙurar hunturu da ta bakin titi takan toshe ta, inji ya kasa numfashi. A wanke ta ko a sake ta, amma kada a cire ta a bar bakin a buɗe, don yashin da zai shiga shi zai cinye silinda. In matata lafiya take, a duba bel. In aka danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya da rabi, ya saki, yana santsi a kan fuli. Bayan wannan sai a nemi yoyo: a cika tanki, a kashe inji, a shafa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa da tiyo. Inda kumfa ta tashi, nan iska ke fita. In duk waɗannan ba su ne ba, to sai a kwance kai a duba siraran bawul da gasket. Sukan karye ko su ƙone, kuma sake su ba ya da tsada.

Iska tana fita ta ƙarƙashin otomatik bayan inji ya tsaya. In ta yi ɗan huci na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta tsaya, wannan aikinta ne, ana sauke wa fistin nauyi don ya ji sauƙin tashi. In kuwa ta ci gaba da fita ba ƙaƙƙautawa, laifin bawul mai hana komawa ne. Mutane da yawa sukan sayi sabon otomatik a banza, alhali ɗan datti ne ya maƙale a wancan bawul, ko robar cikinsa ta taushe.

Moto yana gurnani, ya ƙi tashi. A kashe shi nan da nan, don in ya daɗe a haka kwayil zai ƙone. Dalilin yakan zama ƙarancin wuta, ko kafasito ya mutu, ko bawul mai hana komawa ya bar iska ta danne fistin. Kafasito yana iya riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, saboda haka a bar wa mai gyaran lantarki wannan aiki.

Mai yana bin iska, yana ɓata fenti. Ko dai an cika mai fiye da alama, ko zoben fistin sun cinye. Ana samun zobe a kasuwa, kuma bakanike mai hankali zai iya sake su cikin yini guda.

Ƙara da ƙwanƙwasa. A duba kusoshi da fuli ko sun saki, a duba mai ko ya ƙare. In ƙarar daga cikin kai take, mai yiwuwa boris ne ko sandar fistin. Wannan gyara ne mai ɗan nauyi, kuma wani lokaci sayen sabon kai ya fi sauƙi.

Game da mai, a yi amfani da wanda aka yi don injin iska. Man injin mota yana da sinadarin wanki da kan bar gawayi a kan bawul, baƙin man da aka juye daga mota kuwa ɓarna ce tsantsa. A duba mai kowace safiya, a sake shi kamar bayan wata uku-uku ga mai aiki kullum, ko yadda littafin injin ya nuna.

Akwai wata dabara mai amfani. Ranar da inji yake da ƙoshin lafiya, a auna da agogo minti nawa yake ɗauka ya cika tanki daga sifiri, a rubuta a bango. Duk wata a sake aunawa. Da zarar lokacin ya fara tsawo, an san ciwo ya kama, tun bai kwantar da injin ba.

WUTA DA FETUR

Wutar gida a Nijeriya tana zuwa ne da ƙarfin bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa. Jihar Nasarawa tana cikin yankin kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, wanda ya karɓi aiki a 2013, kuma a 2022 aka buɗe babbar tashar wuta ta Akurba kusa da Lafia. Duk da haka, mai sana'a a ko'ina cikin ƙasar nan ya san akwai lokacin da wuta kan zo da rauni, musamman a ƙarshen layi. In ƙwan lantarki ya yi ja, kada a kunna injin iska.

Moto mai ƙarfin doki 2 yana cin kusan wat 1,500 in yana tafiya, amma a lokacin tashi yakan ja wuta ninki biyar ko fiye na ɗan lokaci. Shi ya sa ƙaramin janareta yake shaƙewa in an ɗora masa shi. Mai son tada injin iska da janareta ya nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na moton kamar sau uku. Haka kuma doguwar waya siririya tana rage ƙarfin wuta kafin ta isa moto. In wurin aiki ya yi nisa da soket, a ƙara tsawon tiyo, a bar waya yadda take.

Masu faci da yawa sun fi son injin fetur don ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma injin da ke yoyon iska yana ƙona fetur ne a banza. Sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya, hayaƙin injin fetur yana da guba marar wari da ke kisa cikin ɗaki rufaffe, don haka a waje ake kunna shi. Na biyu, yawancin injunan fetur da ake haɗawa a gida ba su da otomatik, bawul na tsaro kaɗai ke tsakanin mai shi da haɗari. In wannan bawul ya toshe, injin zai yi ta tura iska har sai wani abu ya gaza.

CIWON DA BA YA WARKEWA

In aka shafa ruwan sabulu, kumfa ta tashi daga jikin tankin kansa, musamman a ƙasa ko kusa da inda aka yi waldar ƙafafu, to kwanan wannan tanki ya ƙare. Ga sauran alamomin:

Ruwan da ake zubarwa yana fitowa da ɓarɓashin tsatsa mai kauri. Fenti ya kumbura a ƙasan tanki. Jikin tanki ya lotsa ko ya yi ƙusumbi. Akwai tsaga, komai ƙanƙantarta. Akwai tabon walda ko faci wanda ba daga masana'anta ya zo ba. In aka saki iska duka, aka kwance toshiyar gefe aka haska tocila, ana ganin ramuka a ciki.

A nan ne mutane da yawa sukan yi kuskure mai tsada. Sai mutum ya ce ai ƴar huda ce kamar bakin allura, ya kai wa mai walda ya ɗiga mata wuta. Amma tsatsa ba wuri ɗaya take ci ba. Ta riga ta cinye ƙasan tankin baki ɗaya, hudar nan kuwa ita ce kawai inda ta fara ɓullowa. Ƴar hudar gargaɗi ce, tana rage matsi, tana kuma sanar da mai shi halin da ake ciki. In aka toshe ta, an rufe bakin mai gargaɗi, an bar ruɓaɓɓen ƙarfe da nauyin tan 8. Bugu da ƙari, zafin walda yana raunana ƙarfen da ke kewaye da wurin, kuma man da ya taru cikin tanki yana iya kamawa da wuta tun ana cikin waldar. Saboda haka muna kira ga masu walda su ma: in an kawo muku tankin iska mai huda, ku ƙi. Kuɗin wannan aiki bai kai ran mutum ba.

Akwai kuma masu haɗa tanki da tsohuwar tukunyar gas, ko tankin ruwan zafi, ko bututun da aka toshe bakinsa biyu da faranti. Tukunyar gas takan riƙe ragowar gas ko bayan ta daɗe a ajiye, kuma yawancinsu ba su da inda ruwa zai fita ta ƙasa. Murfin tankin kirki a kumbure yake kamar ƙwarya domin ya raba nauyi daidai, shimfiɗaɗɗen faranti kuwa duk nauyin a kan walda yake taruwa. Ƙasar nan tana da gwanayen maƙera, irin na kasuwar Panteka a Kaduna, waɗanda ke ƙera abubuwa masu ban sha'awa. Amma tankin iska, komai gwanintar wanda ya yi shi, ba a amince masa sai an gwada shi.

Gwajin da ruwa ake yi. Ana cika tanki da ruwa fal, a ƙara matsi da famfon hannu har ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi, a tsaya a ga ko zai yi gumi ko ya kumbura. Da yake ruwa ba ya dannuwa, ko tankin ya gaza tsagewa kawai zai yi. Aikin ƙwararru ne masu kayan aiki. Kada wani ya gwada ƙarfin tanki da iska.

Tankin da aka yanke wa hukunci, a saki iskarsa, a cire bawul, a huda shi da babban rami kafin a sayar wa ƴan gwangwan. In aka bar shi lafiyayye a ido, wani zai shafa masa fenti ya mai da shi kasuwa, ya faɗa hannun wani bawan Allah.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokokin tukwanen matsi a duniya, da jini aka rubuta su. A watan Maris 1905 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka rasu. Wannan da irinsa ne suka sa ƙungiyar injiniyoyin ƙasar, ASME, ta fito da ƙa'idojinta na 1914, waɗanda har yau ake ganin tambarinsu a jikin tankuna da yawa.

A Nijeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi magana a kan tankin iska. Ta bukaci a rubuta iyakar matsin da zai iya ɗauka a inda kowa zai gani, a sa masa bawul na tsaro da geji mai gaskiya da hanyar zubar da ruwa, a kuma riƙa tsabtace shi ana duba shi lokaci-lokaci. Sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya su ke lura da wannan doka. Mai ƙaramin shago kada ya ɗauka zancen manyan kamfanoni ne kaɗai. Iskar da ke cikin tankin mai faci ba ta san girman shago ba, kuma duk wanda ya ajiye yaro yana koyon sana'a ya ɗauki amanar lafiyarsa.

YADDA ZA A YANKE SHAWARA

A fara da tanki. In tanki lafiyayye ne, ciwon kuwa na matata ne ko bel ko bawul ko gasket ko kafasito ko otomatik, a gyara ba tare da wani dogon tunani ba. In moto ya ƙone ko kai ya lalace, a kwatanta kuɗin naɗin kwayil ko sabon kai da kuɗin sabon inji. Ma'aunin da masu sana'a da yawa ke bi shi ne, in gyara ya haura rabin kuɗin sabo, injin kuma ya tsufa, gara a sake. A sa har da kwanakin da za a yi ba aiki cikin lissafin. A tuna kuma, moton da aka sake wa kwayil, in ba a kawar da abin da ya ƙona shi ba, zai sake ƙonewa.

In tanki ne ya lalace, kai da moto kuwa suna da rai, ana iya sayen sabon tanki mai shaida a ɗora su a kai, muddin iyakar matsin tankin bai gaza abin da kan ke bayarwa ba. In duka biyun sun gaji, a haƙura a nemi wani.

IN ZA A SAYI WANI

Kada a tsaya ga ƙarfin dokin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Abin tambaya shi ne lita nawa na iska yake bayarwa a minti. Adadin da ake rubutawa a kwali sau da yawa na iskar da yake zuƙa ne, wadda ke fita kuwa takan gaza haka da kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku. Mai cika tayar babur da ƙaramar mota, ƙaramin inji ya ishe shi. Mai fenti yana bukatar iska ba yankewa, saboda haka ya duba abin da bindigar fentinsa ke ci, ya sayi injin da ya fi haka. Babban tanki ba ya rufa wa ƙaramin kai asiri.

Injin da ba ya shan mai yana da sauƙin ɗauka, iskarsa kuma tsabtatacciya ce, amma yawancin masu araha suna da ƙara, ba sa jure aikin yini. Mai bel da mai yana juyawa a hankali, ba ya zafi da wuri, kuma ya fi karɓar gyara. Ga wanda sana'arsa ke nan, shi ya fi.

A duba ɗan farantin da ke jikin tanki, mai ɗauke da sunan masana'anta da shekara da iyakar matsi. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. A saya wurin dillalin da aka sani, a karɓi rasiɗi. A tambaya ko ana samun zobe da gasket da bawul na wannan samfuri a Lafia, ko kuwa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Legas.

Na hannu kuwa, tankinsa za a fara dubawa. A buɗe famfon ƙasa a ga abin da zai fito, a haska ciki, a yi hattara da sabon fenti a kan tsohon tanki. Waɗanda aka kawo daga Amurka galibi na bolt 120 ne da bugu 60, ba su dace da wutarmu ba. Araha ba ta ado.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. A zubar da ruwan tanki kowace rana.
2. A ja zoben bawul na tsaro aƙalla sau ɗaya a wata, lokacin da akwai iska a tanki. In bai saki iska ba, ko ya ƙi rufewa, a sake shi da mai lamba iri ɗaya. Kada a ɗaure shi da waya, kada a toshe shi da kusa.
3. Kada a murɗa otomatik don neman matsin da ya wuce na farantin tanki. Gejin da allurarsa ba ta komawa sifiri, a sake shi.
4. A rufe bel da fuli da raga, don riga da yatsun yara.
5. Kada a ja layin iska da bututun roba na ruwa, gama yakan fashe ya watsu kamar kwalba.
6. Kada a hure tufafi ko jiki da iskar inji, kada kuma a yi wasa da ita. Tana iya fasa ido ko dodon kunne, in kuma ta shiga jiki tana iya kisa.
7. Wajen cika tayar babbar mota, a yi amfani da dogon tiyo, a tsaya a gefe, kada a sunkuya a kan wili.
8. Mai feshin fenti ya sa abin rufe hanci da ya dace, ya yi aiki inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta.

Jama'a, injin iska abokin neman halal ne, in an kula da shi sai ya shekara da shekaru yana ciyar da gida. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Shugabannin ƙungiyoyin masu faci da na masu walda da na masu fenti su bayyana shi a wurin taronsu, iyayen gida kuma su koya wa yaran shago tun ranar da suka fara aiki. Yau da yamma, kafin a rufe shago, kowa ya durƙusa ya buɗe famfon ƙasan tankinsa ya ga abin da zai fito. In kunne ya ji, jiki ya tsira.